Birkin Aro

SHAFI NA 14

Daga Hanifa Majidaɗi

Masu cika mini waya da saƙo, na gan ku duka. Musamman Hajja ta Sintali, wadda ta rantse in ban saki shafi yau ba za ta zo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Hajja, yi zamanki, ga shi na kawo. Masu jin haushin Sadisu kuma ku tanadi bakinku, yau za ku yi aiki da shi.

Sababbin shigowa, ga inda muka kwana. Mufida ta sayi tsohuwar bas 'yar Beljiyam don ta riƙa jigilar yaran makarantar Madam Mabel. Da aka kai motar gwajin lafiya karo na farko, ta faɗi a taya da birki. Shekaranjiya ƙaninta Sadisu, wanda shi ne direbanta, ya sake kai ta, ta ci. Yau Madam Mabel take jiran mota da takardar gwajin. In ba su zo ba kafin a tashi yara, aikin ya zama na wani.

*

Tun daga ɗaki Mufida ta jiyo ƙarar bas ɗin a ƙofar gida. Ta yafa mayafi ta fito da sauri.

Sadisu ya wanke motar fes, har turare ya fesa wa kujeru. Tun bayan gwaji tana garejin Saleh bakanike, sai yau da safe ya ɗauko ta. Yana tsaye yana goge madubi da gefen rigarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Adda, kalli amarya."

Mufida ta yi dariya. Ta shafa ƙofa, ta leƙa ciki, ta fara zagaya motar a hankali kamar mai zaɓen saniya a kasuwar Iware. Da ta iso tayar baya sai ta tsaya cak.

Ta durƙusa.

"Sadisu."

"Na'am, Adda."

"Zo nan."

Ya zo, amma ba da saurin ɗazu ba.

"Wannan fa?"

"Taya ne."

"Na san taya ce, ban ce maka kabewa ba ce. Shekaranjiya da ka biyo ta nan za ka gwaji, tayoyin nan baƙi wuluk suke, yatsana har shigewa yake cikin zanensu. Yau ga ta sumul kamar tafin hannu. Ga waya ma ta fara leƙowa."

Sadisu ya sosa ƙeya. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya kalli wata akuya da ke wucewa.

"Ni nake maka magana, ba akuya ba."

"Adda, kayan da Saleh ya yi oda daga Anacha bai iso ba har yanzu. Madam Mabel kuma ba za ta jira mu ba. Shi ne..."

"Shi ne me?"

"Shi ne muka yi aro."

"Aron me?"

"Kayan gwaji."

Ku da ba ku taɓa zaman tasha ba, bari in gaya muku, don ni ma sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani. A tashar su Sadisu, in gwaji ya matso wa direba kuma motarsa ba ta shirya ba, sai ya nemi mai mota irin tasa wadda kayanta ke da lafiya. Bakanike ya kwance masu kyau ya ɗaura wa mai zuwa gwaji, marasa kyau kuma ya ɗaura su a motar mai ba da aro, don kada a bar ta a kan duwatsu da bututu a buɗe. In an dawo da takarda, kowa a mayar masa da nasa. Ba biya ba komai, iyaka a ba da goro. Su a wurinsu wannan ba cuta ba ce, zumunci ne. Wanda ya hana aro, ranar da batirinsa ya mutu sai ya tura motarsa shi kaɗai.

Mufida ta miƙe tsaye a hankali.

"Taya kaɗai kuka ara?"

Sadisu ya sake kallon akuya.

"Sadisu, taya kaɗai?"

"Da masta."

Masta ita ce 'yar tukunyar da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota in direba ya taka. Ta motar Mufida ta gaji. In ka taka ka saki, tana kamawa. In ka ɗora ƙafa ka daɗe, sai birkin ya yi ta nutsewa har ya taɓa ƙasa, mota kuma tana tafiyarta. A kan wannan aka kayar da su a gwajin farko.

"Wato birkin da ke cikin motar nan yanzu..."

"Namu ne, an mayar. Amma walahi Adda na san hannunsa. Ni da birkin nan mun saba."

"Wa ya ba ku aron?"

"Baba Nehemiya."

Mufida ta rufe ido. Da wani ne da ta san abin da za ta ce. Baba Nehemiya aminin mahaifinsu Abbo ne tun suna yaran mota tare. Shi ya koya wa Sadisu tuƙi. Ranar da mahaifinsu ya rasu, shi ya ajiye lodinsa ya yi ta jigilar masu ta'aziyya har aka share makoki, bai karɓi ko na mai ba. Mutum ne da in ka ce masa kana son rigarsa zai tambaye ka ko da hular.

"Da na gaya masa, ko tunani bai yi ba," in ji Sadisu. "Ya ce 'yar Abbo ba za ta rasa aiki ina da rai ba. Ya miƙa ma Saleh makulli."

"Allah Ya saka masa."

"Amin. To mu je, Adda, rana yana yi."

"Ina?"

"Makaranta mana."

"Da wannan birkin za ka ɗauki yara?"

"Sati ɗaya ne fa, kaya zai iso. Cikin gari ne, ba gudu zan yi ba. Majidaɗi zuwa Sintali, ina abin tsoro?"

"Gangaren bayan kasuwa fa?"

"Da giya zan sauka."

"In keke ya faɗo maka?"

"Adda, in don 'yarki Hamna kike tsoro, ki bar ta ta bi keke wannan satin. Shi ke nan."

Wayyo Sadisu. Da ya san abin da wannan magana za ta jawo masa da ya haɗiye ta da ruwa.

Mufida ta juyo gaba ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ya fi ihu muni.

"Maimaita."

"Ba haka nake nufi ba."

"'Yata ta bi keke. 'Ya'yan mutane kuma su shiga. Su ba a ɗaki aka haife su ba, a bishiya aka tsinko su."

"Adda, yi haƙuri."

"Uwa za ta wanke ɗanta da safe, ta shafa masa mai, ta sa masa abinci a jaka, ta miƙo mini shi da hannunta. Ni kuma in karɓa ina murmushi, na san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, tawa kuma na ɓoye ta a keke. Ni Mufida?"

"Amma takarda na gaske ne fa! Da hatimi da komai. Ba sayen shi muka yi ba."

"Takardar ta Baba Nehemiya ce. Ƙafafunsa aka gwada, birkinsa aka gwada. Ni fenti kawai na kai."

Wayarta ta yi ƙara. Madam Mabel ce, mai makaranta.

"Maman Hamna, ina jiranki fa. Oga David ya kawo nashi mota tun safe, yana zaune a ofis yana shan ruwana. Na ce masa na riga na ba wata alkawari."

"Na gode, Madam."

"Takarda ya fito, ko?"

Sadisu ya haɗa hannu biyu yana roƙonta da ido.

"Ta fito, Madam. Tana hannuna. Amma ba zan kawo miki ita ba."

"Ban gane ba."

"Akwai abin da ba daidai ba a motar. Zan mayar a sake dubawa. In ban iso ba kafin a tashi, ki ba Oga David, ba ki yi mini laifi ba."



"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

Ta kashe waya. Ni na gaya muku, kada ku zaci ba ta ji komai ba. Wannan aikin shi ta daɗe tana bi, shi ne dalilin sayen motar tun farko. Ta share ido da bakin mayafi sau ɗaya, ta buɗe ƙofar gaba ta shiga.

"Ta da mota."

"Adda, in aka ji a tasha na tona kayan gwaji, ba mai sake amsa mini sallama."

"Ni zan amsa maka. Ta da mota."

*

A giya ta biyu suka ratsa Majidaɗi. Masu keke suna ta danna musu oda, wani har ya leƙo yana tambaya ko gawa suka ɗauko. Sadisu bai kula shi ba. Yana tuƙi yadda ya saba da motar, ya taɓa birki ya saki, ya taɓa ya saki, ba ya barin ƙafarsa ta daɗe a kai. A haka suka shiga filin gwaji.

Direbobi ne zube a inuwar mangwaro, kowa yana jiran a kira lambarsa. A bakin ramin da ake leƙa ƙarƙashin mota wata doguwar mata ce tsaye da rigar aiki da tocila a hannu. Madam Lydia ke nan, mai gwaji. Direbobi suna kiranta Madam Koma, don kalmar da suka fi ji a bakinta ke nan, koma ka gyara. Ita ta kayar da bas ɗin Mufida a karon farko, ita kuma ta ba ta takarda a na biyu.

Ta kalli motar, ta kalli Sadisu.

"Wannan ba shi ne ya yi fasin shekaranjiya ba?"

Mufida ta sauko, ta gaishe ta, ta zaro takardar daga jaka ta miƙa da hannu biyu.

"Na dawo miki da ita, Madam."

"An yi kuskure a suna ne?"

"A'a."

"An kama ku a hanya?"

"Ba wanda ya kama mu."

"To mene ne?"

"Motar da kika gwada shekaranjiya ba ita ce wannan ba. Taya da masta na aro ne. An mayar wa mai su. Ina so ki gwada ta yadda take."

Hirar da ake yi a gindin mangwaro ta mutu. Wani direba mai jan rawani ya ajiye rakensa. Sadisu kuwa ya sunkuyar da kai, da ƙasa za ta buɗe da ya ce mata useko, godiyar Fulani, ya shige.

Madam Lydia ta daɗe tana kallon Mufida.

"Madam, kin san zan soke takardan nan?"

"Na sani."

"Kin san ba wanda zai taɓa ganewa in kin yi shiru?"

"Yara zan ɗauka."

Madam Lydia ta naɗe takardar ta sa a aljihu. Ta yi wata 'yar dariya, ba ta raini ba.

"Tun da na fara aikin nan, an kawo mini kuka, an kawo mini zagi, an kawo mini doya har gida na mayar. Yau ne farko da mutum ya dawo mini da fasin."

Ta ɗaga murya don na gindin mangwaro su ji.

"Kuna tsammani ban sani ba? Akwai wani taya mai ɗigon farin fenti a gefe, na gan shi a jan mota, na gan shi a farin mota, har gaisawa muke yi. Amma doka ya ce in gwada abin da aka kawo gabana. Ni motar yau nake gani. Motar da zai ɗauki mutane gobe, ku ne kuka san shi, ku da Allah."

Mai jan rawani ya ɗauki rakensa ya juya baya.

Ta dawo kan Mufida.

"Wa ya ba ku aron?"

"Motata na kawo miki, Madam. Ban kawo sunan kowa ba."

"Zan iya matsa miki."

"Za ki iya. Amma wanda ya ba mu, alheri ya nufa. Ba zan saka masa da wannan ba."

Sadisu ya ɗago kai ya kalli yayarsa. Ni dai a nan ne Mufida ta gama da ni. Ga gaskiya ta faɗa ba ta rage ba, ga mutuncin dattijo ta rufe. Mata irin wannan ba su da yawa, kuma in kun samu ɗaya a danginku ku riƙe ta da kyau.

"Shi ke nan," in ji Madam Lydia. "Direba, hau rami."

Sadisu ya hau da motar. Madam Lydia ta fara da tayoyi, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya mutu. Wannan ya mutu. Wannan ma an yi masa sadakan bakwai."

Ta ja ƙofar fasinja, ƙofar ta tafi rabi ta cije.

"Ciwon irin motan nan ke nan, ƙofa da tsatsa. A sa masa sabon ƙarfen zamiya, kar in ga an ɗaure da igiya."

Ta sauka cikin rami da tocila. Suna jin ta tana ƙwanƙwasa ƙarfe, tana girgiza ƙafar gaba.

"Tsatsa ya fara cin ƙasan wajen kujeran baya, amma bai huda ba. Salansa yana da rai. Inji ba ya zuba. Madam, motarki ba banza ba ne, gajiya ne kawai."

Mufida ta ce, "Birkin nake so ki gani."

"Yanzu kuwa."

Ta fito ta karkaɗe hannu, ta sa Sadisu ya sauko, ta hau kujerar direba. Ta ta da inji. Ta ɗora ƙafa a birki ta danne.

Mufida ta matso tana kallon ƙafar. Ta san abin da zai biyo baya, ta gani da idonta a karon farko, yadda takalmin matar nan ya yi ta sauka har ya taɓa ƙasa.

Ƙafar ba ta motsa ba.

Madam Lydia ta ƙara dannawa, har ta riƙe sitiyari ta miƙe da ƙarfinta.

Birki yana nan daram.

Ta ɗaure fuska. Ta ja motar baya daga kan rami, ta zagaya fili, ta ba ta wuta, ta taka. Motar ta tsaya cak har ƙura ta tashi. Ta sake, ta tsaya cak. Ta riƙe birkin ta daɗe, ta daɗe, har mai jan rawani ya taso ya zo kallo.

Sadisu ya daka tsalle.

"Adda, kin gani! Kin gani ko! Na gaya miki birkin nan ba shi da matsala! Allah Ya gyara mana shi! Mu je makaranta, ba a tashi ba tukuna!"

Madam Lydia ba ta ko kalle shi ba. Ta kashe inji, ta sunkuya ta buɗe murfin wajen masta, ta haska tocila.

"Madam, zo."

Mufida ta zo.

"Naki na tuna shi. Ya jiƙe da mai baƙi ƙirin, an ɗaure murfin da roba. Kalli wannan."

A bushe take, fes, murfinta lafiya lau.

"Wannan shi ne na shekaranjiya. Ba a mayar ba."

Sadisu ya daina tsalle.

Mufida ta juyo a hankali.

"Sadisu. In tasa tana nan, tawa tana ina?"

Ya laluba aljihu, wayar ta kusa faɗuwa. Ya kira Saleh bakanike ya buɗe murya kowa yana ji. Ta can ana jiyo hayaniyar mutane da sallama.

"Saleh, kana ina?"

"Ina Iware mana, wajen rasuwar kawuna. Ba a gaya maka ba? Ina cikin aikinku aka kira ni."

"Masta fa? Masta na Baba?"

"Taya na samu na mayar, masta ban taɓa ba. Gobe in na dawo zan yi. Kar ka damu, motar Baba tana gareji, makullinta ma ga shi a aljihuna."

Sadisu ya jingina da jikin bas ɗin.

"Baba yana da wani makulli."

"Me ka ce?"

"Jiya da safe ya zo gareji. Ba ka nan. Muka ga tayoyinsa a jiki, an ɗaure tsaf. Na ce masa an gama, na yi masa godiya. Ni na buɗe masa ƙofan gareji da hannuna."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sadisu, ya fita da ita?"

Madam Lydia ta karɓe wayar ta kashe. Ta riƙe Sadisu a kafaɗa.

"Yanzu ba maganan ɓoye suna ba ne. Wane ne, kuma ina ya je?"

Mufida ce ta amsa.

"Baba Nehemiya. Sadisu, wane layi yake yi yanzu?"

Sadisu ya kawar da kai.

"Sadisu!"

"Gembu."

Mai jan rawani ya dafe kai da hannu biyu.

Duk ɗan Taraba ya san abin da kalmar nan take nufi ga mai tuƙi. Kafin ka kai Gembu sai ka hau dutsen Mambila, hanya tana naɗewa tana warwarewa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun wanda ba a ganin ƙarshensa. Hawa ba ya cin birki, inji ne ke wahala. Saukowa kuwa, tun daga sama har ƙasa ƙafar direba tana kan birki.

"Jiya ya hau," in ji Sadisu, hawaye suna zuba. "Can yake kwana. Yau yake saukowa, da lodi."

"Kira shi!" in ji Madam Lydia.



Mufida ta riga ta ciro wayarta. Ta danna lambar Baba Nehemiya.

Ba a samun layin.

Ta sake.

Ba a samu.

Filin gwaji ya hargitse. Direbobin da ɗazu suke harararta yanzu kowa waya ce a kunnensa. Wannan yana neman ɗan kamasho na tashar Gembu, wancan yana neman ƙaninsa mai shayi a gindin dutse. Mai jan rawani yana ihu a waya, "A tare hanya! Farar bas ta Nehemiya, a tare ta ko da itace ne!" Madam Lydia tana kiran abokan aikinta na can, tana tafiya tana dawowa.

Ta tsaya a gaban Mufida.

"Da kin kai takardan nan makaranta, da yanzu muna nan muna shan rake, ba wanda ya sani. Ci gaba da kira, Madam. Kar ki daina."

Mufida ba ta ma ji ta ba. Makaranta, Oga David, aikin da ya tafi, duk sun fita daga kanta. Fuskar dattijon kawai take gani, yana miƙa makulli yana cewa 'yar Abbo. Bakinta yana addu'a, yatsanta yana danna waya.

Ba a samu.

Ba a samu.

Sai wayar ta shiga.

"Ta shiga! Ku yi shiru, ta shiga!"

Fili ya yi tsit. Mufida ta buɗe muryar wayar. Wayar ta yi ta ringi har Mufida ta fara fid da rai, sannan aka ɗauka.

Muryar mace ce. A bayanta ana jiyo kukan jariri, da wasu mata suna dariya, da gurnanin inji.

"Alo? Wane ne?"

"Baba Nehemiya nake nema! Ki ba shi!"

"Ni fasinja ne, ina gaba kusa da shi. Direba ya ce ba ya taɓa waya a kan dutse. Ya ce in gaya miki, 'yata, ya ga sunanki, ya yi murna mota ya yi fasin. In mun sauka ƙasa zai kira ki."

"Kuna ina yanzu?"

"Yanzun nan muka fara gangara."

"Ki ce masa ya tsaya! Ya sa giya ya tsaya yanzu! Birkin da ke motarsa ba nasa ba ne, nawa ne!"

"Alo? Ba na jin ki sosai, Madam. Wai mene ne naki?"

"Birki! Birkin!"

Daga can gefe suka jiyo muryar dattijon, a natse, har da 'yar dariyarsa.

"Me ta ce?"

Layin ya yanke.